Shekarar Sabunta Kati da Shaidar Inna Kulu

Faisal, na ji abin da ka gaya wa ɗan'uwanka da Larabci, kana tsammanin kunnena ya mutu. Wai aikin tafinta a mahkama ba aiki ba ne, mutum ya ji da Hausa ya mayar da Larabci, halas. Kai da idan kakarka ta aike ka da Hausa sai ka ce mata "ɗayyib", ka je ka sayo abin da ba shi ta ce ba. To ku rage muryar talabijin ɗin nan ku matso. Zan ba ku labarin shekarar da aka ce kowane tafinta sai ya koma aji kafin a sabunta masa katin aiki. Ba labari ne mai daɗi a bakina ba, don har yau in na tuna shi kunya nake ji. Amma gara ku ji daga wurina.

Shari'ar farko da na shiga, a bayan Baba Tanko na tsaya. Shi ne babban tafintan mutanenmu a nan Madina a lokacin, tsoho ne da ya zo Hajji da ƙafa bai koma ba, kuma a hannunsa na koyi aikin. Rigima ce kan ruwan rijiya tsakanin masu gonar dabino biyu a Awali. Namu mutumin ya hasala, ya ce wa abokin shari'arsa ɓarawo ɗan ɓarawo, har ya haɗa da alƙalin ya ce bakinsu ɗaya. Baba Tanko ya gyara tsayuwa, ya ce da Larabci mai sanyi, "Yana cewa an zalunce shi, kuma yana neman adalcin Shaikh." Da muka fito na ce, "Baba, ai ba haka ya ce ba." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Sale, mu sutura ne. Wanda ba shi da harshe a ɗakin can tsirara yake. Abin da zai ba shi kunya ka rufe masa, abin da ya kasa faɗa ka faɗa masa." A kan wannan magana na yi aiki shekara da shekaru, kuma ban taɓa jin wani ya ce laifi ne ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Kati mai hoto a aljihun gaba, farar riga mai guga, da kanumfari a aljihun gefe, saboda maƙogwaro yana bushewa kuma ba a shan ruwa a gaban alƙali yadda aka ga dama. Sai ƙafa, don a tsaye ake yini. Kana tsayawa gefen mai shaida, ɗan baya kaɗan, kada ka shiga tsakaninsa da alƙali. Kunnenka yana wurin mai magana, idonka yana wurin Shaikh. Sauran kayan a kai suke. Sai ka iya Hausar Kano, da ta mutanen Damagaram, da ta 'yan Sudan da suke cusa Larabcinsu a tsakiya, da ta 'yan Cadi mai saurin tsiya. Kuma sai ka san mutane. Rabin aikin a wurin suna da ɗaurin aure da zaman makoki ake yin sa, don a nan kake sanin wane ɗan wane ne, wace matar wane ce.

Wannan sanin yana da amfani saboda iyayenmu mata. Ku yanzu uwayenku suna ƙwala wa ubanninku kira da suna daga kicin, ba abin da ya dame su. Matan da, mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane, kuma sau da yawa ma ba a hannunta yake girma ba, ana yaye shi sai a miƙa wa kaka ko goggo. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar mutunci. To idan irin wannan mace ta zo mahkama kan gado, alƙali ya ce ta faɗi sunan mijinta, sai ta sunkuyar da kai ta ce "shi maigidan". Mu kuwa sai mu juya mu ce wane ɗan wane. Katibi, wato magatakarda, ya rubuta, a wuce wurin. Ita ta fita da mutuncinta, mu mun gama aiki.

A farkon shekarun tamanin aka zo da sabon tsari. Aka ce katin tafinta ba zai ƙara zama na har abada ba. Duk wanda yake son a sabunta masa sai ya halarci kwas, abin da suke kira daura, sannan a gwada shi. Aka ba mu wata makarantar yara a Halidiyya, muna zuwa bayan la'asar idan 'yan makaranta sun tashi. Ku yi tunanin dattawa masu furfura a kan bencin 'yan firamare, gwiwa ta ƙi shiga ƙarƙashin tebur, ciki ya tokare. Masu shara suna leƙo mu ta taga suna murmushi. Ni da mutane suke tashi su ba ni wuri a majalisa, ga ni ina ɗaga hannu kafin in fita kama ruwa. Wallahi hanyar baya nake bi in je, don kada 'yan unguwarmu ta Sih su ga inda na nufa.

Malaminmu Ustaz Bashir ne, Bahaushen Sudan, ya yi karatun shari'a, kuma a haife na girme shi nesa. Ba shi da raini, wannan na ba shi. Kullum "Baba Sale" yake ce mini. Amma ya zo da wani abu da ya fi raini zafi, wato rikoda. Sai ya sa ɗayanmu ya zama mai shaida, ɗaya ya yi tafinta, ya ɗauka a kaset, sannan ya kunna mana. Ranar da aka kunna nawa, wanda ya yi mai shaidar cewa ya yi, "Ban gani ba, an dai gaya mini." Sai ga muryata tana zuba Larabci, har da cewa mutumin kirki ne, ba ya son ya yi wa kowa ƙazafi, kuma labarin ya zo masa daga amintattu. Ustaz ya kashe rikodar ya ce, "Baba Sale, su wane ne amintattun?" Na rasa inda zan sa fuskata.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, kullum yana maimaita ta. Abin da aka faɗa, dukansa, ba ƙari ba ragi. In zagi ne ka kai zagin. In shiru aka yi, ka ce shiru aka yi. Kuma a sabon tsarin, duk shaidar da aka gano tafinta ya sa wa baki, ta faɗi ke nan. Malam Garba, wani tsohon tafinta ɗan Cadi da ya riga ni fara aiki, ya miƙe ya ce, "Yaro, mu asirin mutanenmu muke rufawa." Ustaz ya ce, "Na sani, Baba. Amma ranar da kuka rufa mayafin a kan ƙarya fa? Wanda aka cuta shi ma yana da uwa." Abu ɗaya ya ba mu a madadin abin da ya ƙwace. Ya ce idan al'ada ce ta tsaya a hanya, tafinta ya ɗaga hannu ya ce, "Ya Shaikh, yanzu tafinta ne yake magana, ba mai shaida ba," ya yi bayani a fili da sunan kansa. Malam Garba bai jira wannan darasin ba. Tun ranar da ya ji kaset ɗinsa bai dawo ba, ya koma sayar da turare da asuwaki, kuma har ya rasu bai ƙara bi ta ƙofar mahkama ba. Ba shi kaɗai muka rasa a shekarar nan ba.

Gwajin ƙarshe ba a aji ake yin sa ba. Ustaz Bashir yakan nemi izinin alƙali, ya zauna a gefe da rikodarsa a shari'a ta gaske, ya saurari yadda kake aiki. Ni sai rabona ya faɗo a kan shari'ar Manya.

Kun san Manya, mai dabinon da kuke zuwa wurinsa ku ci na ɗanɗano har ku ƙoshi ba ku sayi komai ba. A lokacin magidanci ne da mata da 'ya'ya, yana hawan dabino a gonakin Awali, ba wanda ya kai shi iya barbara, wato sa wa macen dabino garin furen namiji. Manya laƙabi ne, ba shi ne sunansa na yanka ba. A hanya aka haife shi, iyayensa suna tahowa Hajji, kuma shi ne ɗan fari. Da suka iso, aka miƙa shi ga goggonsa a Sih, can ya girma. Lokacin da ubansa, wanda muke kira Malam Mai Rijiya, ya sami takardar zama ɗan ƙasa, sai aka rubuta yaran da suke gabansa a gida. Manya ba ya gidan, ba a sa shi ba. Ba wanda ya damu, har Malam ya rasu, goggon ma ta rasu. Ran nan aka tare motar dabino a hanyar kasuwa ana duba takardu, aka same shi ba komai a aljihu. Magana ta tsaya a kan abu ɗaya. In an tabbatar a gaban alƙali cewa shi ɗan Malam ne, ya zauna da iyalinsa. In ba a tabbatar ba, a fitar da shi zuwa ƙasar da bai taɓa gani da idonsa ba.

Ƙannensa sun zo sun ce yayansu ne, amma duk a bayansa aka haife su. Wani tsoho da suka yi tafiyar tare ya ba da shaida, sai dai ƙwaƙwalwarsa ta fara tafiya, yana haɗa shekaru. Alƙalin ya ce tunda uwar tana raye, a kawo ta. Wannan uwa ita ce Inna Kulu. Ƙawar mahaifiyata Hajjo ce, ta goya ni, ta yi mini wanka, ta ba ni tuwo a baki. Ba ta taɓa kirana Sale ba, sai "ɗan Hajjo". Larabcinta na salla ne da na sayen tumatir.

Aka shigo da ita a lulluɓe, tana dogara sanda. Manya yana tsaye can gefe tare da askari mai tsaronsa. Tana shigowa ta juya masa baya, kamar yadda ta saba yi tun yana yaro. Na ga alƙalin ya lura, ya ɗan ɗaga gira. Ustaz Bashir ya danna rikoda.

Alƙali ya ce a tambaye ta ko ta san mutumin nan. Na tambaye ta. Ta ce, "Na san shi." Na mayar. Ya ce mene ne shi a wurinta. Ta ce, "Na gidanmu ne." Bakina har ya buɗe zai ce ɗanta ne na cikinta, don haka na saba. Na haɗiye, na ce, "Ta ce na gidansu ne." Alƙali ya ce gida yana da bara, yana da baƙo, yana da ɗan riƙo. Ya ce ta dube shi ta faɗi sunansa, da sunan wanda ya haife shi. Na mayar mata da Hausa.

Ta ce a hankali, "Ɗan Hajjo, ai ka sani. Gaya masa."

Na juya na ce, "Ta ce ni na sani, in gaya wa Shaikh." Alƙalin ya ajiye alƙalami. Ya ce shi bai taɓa ganin uwar da za a kori ɗanta daga ƙasa ba, ta ƙi kallonsa, ta ƙi kiran sunansa. Ya ce abin ya fi kama da matar da aka roƙa ta zo ta yi ƙarya, tsoron Allah ya kama ta a bakin ƙofa. Ya fara jawo takardun gabansa zai rufe.

A nan na ɗaga hannu, kamar ɗan makarantar da aka mayar da ni. Na ce, "Ya Shaikh, yanzu tafinta ne yake magana, ba mai shaida ba." Ya ce in yi. Na gaya masa al'adar tun daga tushe. Na ce a wurin matanmu na da, wanda aka fi jin nauyinsa shi ne ba a kama sunansa, wato miji da ɗan fari. Na ce juya bayan nan da ya gani, da ɗan riƙo ne ko ɗan maƙwabta da ba ta yi ba. Ya saurare ni har na gama. Mutum ne mai adalci, ba zan ce ba haka ba. Ya ce ya fahimta, kuma ya girmama. Amma ya ce al'ada ba ta zama shaida, nasaba kuma ba abin wasa ba ce, don gado da aure suna rataye a kanta. Abin da zai iya yi mata shi ne ya rage mutane. Ya sa aka fitar da kowa, har ƙannen Manya da askarin. Saura shi da katibi, da Ustaz, da ni, da uwa da ɗa.

Na sunkuya kusa da ita na ce, "Inna, an fitar da mutane. Sai kin faɗa da bakinki."

Ta ce, "Bara da aka yi rabon gadon gidan su Hajiya Tabawa, wa ya faɗa mata? Ba kai ba ne?"

Na ce, "Ni ne, Inna. Bana an hana. In na faɗa, shaidar ta lalace, shi kuma za a tafi da shi."

Duk wannan sai da na mayar wa alƙali, kalma bayan kalma, har da maganar bara. Ku ji fa, da bakina na gaya wa alƙali, a gaban mai gwada ni, cewa na saba sa wa shaidu baki. Ustaz bai ɗago kai ba.

Inna Kulu ta ɗan yaye mayafi ta dube ni. Ta ce, "Na goya ka a bayan nan. Ashe goyon wanda zai tuɓe ni a gaban maza na yi." Alƙali ya ce, "Me ta ce?" Da a da ne, da na ce tana neman a yi mata uzuri. Na mayar masa yadda ta faɗa, da goyon da tuɓewar duka. Ban taɓa jin Larabci ya yi mini nauyi a baki kamar ranar ba. Na ji kunyar da ban san akwai irinta ba, har na fi son ƙasa ta buɗe.

Kaset yana ta juyawa. Manya bai roƙe ta ba, don shi ma ɗan kunya ne, kansa yana ƙasa. Ina ganin da za a bar shi da zaɓi, da ya yarda a sa shi a jirgi. Can sai Inna Kulu ta dafa sandar da hannu biyu, ta juya. A hankali ta juya, har ta fuskance shi. Ta dube shi ido cikin ido, abin da na tabbata ba ta yi ba tun ranar da aka yaye shi. Ta kira sunansa na yanka. Ta ce ɗan wane, ta kama sunan Malam. Ta ce, "Ni na haife shi."

Shi kuma, ƙaton mutum mai gemu, wanda tafin hannunsa ya yi kanta saboda hawan dabino, sai ya amsa. Ba wanda ya tambaye shi. Uwarsa ta kira shi, ya ce, "Na'am, Inna."

Na buɗe baki zan yi aikina, alƙalin ya ɗaga mini hannu. Sunayen ya ji su da kunnensa, amsar ma ya ji. Abin da ya rage mini kawai shi ne "ni na haife shi", na mayar. Ya ce wa katibi ya rubuta. Ustaz Bashir ya kashe rikodar, ya cire kaset ɗin ya sa a aljihu, kuma wannan kaset bai taɓa kunna shi a aji ba.

A bakin ƙofa na je zan kama mata hannu saboda matakala. Ta janye. Ta ce, "Ɗan Hajjo, Allah ya yi maka albarka, yaron zai kwana a gidansa. Amma ka ji abin da ko uwarka ba ta taɓa ji ba. Kada ka ƙara zuwa inda nake, ba zan iya haɗa ido da kai ba." Na ce to, Inna.

An sabunta mini kati. Ustaz ya ce a duk waɗanda ya gwada ba wanda ya yi aiki mai tsabta kamar nawa, ni kuwa na karɓi katin ban ko dube shi ba na cusa a aljihu. Bayan nan na sake komawa kwas ɗin duk lokacin da sabuntawa ta zo, har daga baya ni nake koya wa sababbi yadda ake ɗaga hannu. Ban ƙara sa wa mai shaida baki ba, kuma na yarda tsarin Ustaz shi ne daidai. Amma gidan Inna Kulu ban sake taka shi ba. Da Salla sai in aika matata da gaisuwa, in tsaya a bakin layi cikin mota. Ta yi shekaru bayan nan, ban ƙara ganin fuskarta ba, sai ranar da muka ɗauki makararta, ni a gaba ta dama, Manya ta hagu.

Na ga bakinka yana motsi, Faisal, kana so ka tambaye ni mene ne sunan. Na san shi sarai, tun kafin ranar ma na san shi. Sau ɗaya ta faɗa a duniya, kuma ba ni ta faɗa wa ba. Tun daga ranar ban sake kama shi a bakina ba. Gobe in kun je cin dabinon banza, ku ce Manya kamar kowa, ku gaishe shi da kyau, da Hausa.